Mako Ɗaya, Yadi Bakwai

A shagon wani tela a Kolere, nan Mubi, ƙanena ya miƙo mini takardar tafiyarsa. Karɓar ɗinki muka je, tela ya ce mu ɗan zauna, saura maɓalli. Yaron ya samu hutun mako guda a wurin aiki, ga yadda ya tsara: Yola kwana biyu, Jalingo, gandun dajin Gashaka-Gumti, sai ya hau Mambila ya ga Nguroje da Gembu da gonar shayi ta Kakara, ya rufe da hawan Chappal Waddi. Lahadi yana Mubi, Litinin yana ofis.

"Yaya, ya ka gani?"

Kafin in buɗe baki wani mutum ya shigo da shadda yadi biyar, yana son babbar riga da 'yar ciki da wando. Tela ya ware ta, ya auna, ya ce, "Alhaji, ko dai kaftani da wando su fito da kyau, ko in yi maka ukun ka kasa ɗaga hannu a sallah." Na dubi ƙanena, shi ma ya dube ni.

Mako yadi bakwai ne, hanya kuwa ita ce wando. Ba wanda ke yabon wando a wurin biki, amma ba a fita babu shi, kuma shi ake fara cire wa rabonsa. Daga Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne, ta Hong da Gombi da Song da Girei. A taswira ɗan yatsa ya rufe shi. Sai dai taswira ba ta san mota ba ta tashi daga tasha sai ta cika ba, ba ta ƙirga shingen bincike, ba ta tsayawa sallah, ba ta yin faci. Wanda ya fita bayan asuba, bai zauna gaisuwa a Jimeta ba, zai kwana Jalingo. Washegari Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan hawan nan mai lanƙwasa da ake kira Biyu da Sisi, inda surutun cikin mota ke komawa salati. Wannan wuni ne cur, kuma ba hanyar dare ba ce. Yadi biyu zuwa, biyu dawowa. Saura uku.

Cikin ukun, ɗaya na kalmasa ne. Telan kirki ba ya yanka yadi daidai da jiki. Yana barin ɗan abin da zai naɗe ciki, wanda ido ba ya gani, don ranar da aka ƙara ƙiba a sami abin warwarewa. Wannan kwanan ba a rubuta masa komai. Na hazon da ya rufe hanya ne, na motar da ta yi zafi a tsakiyar hawa, na ruwan sama, don daminar Mambila ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Bature kan tsara mako daga birnin Zurik zuwa garuruwan zamiyar ƙanƙara a tsaunukan Alfus, minti bayan minti, saboda jirgin ƙasansa yana zuwa a kan lokaci. Yadinsa ba ya tsukewa. Namu da ya sha ruwa sai ya ragu.

To, kwana biyu suka rage, su ne rigar, kuma sun isa a yi ado. Kana saman ƙasa sama da mita 1,500, tuddai sanye da ciyawa har iya ganinka, shanu a baje, itatuwan zaiti a jere, ayaba da fiya a bakin hanya. A Kakara za ka ga ganyen shayi a gona, sahu-sahu kamar an yi masa aski. Mutumin Mubi yana ɗauka ya san sanyi, don iskar hunturu tana sauko masa daga duwatsun Mandara. Ya tafi da bargo da rigar sanyi mai kauri duk da haka. Daren Nguroje ba ya jin wannan alfahari. Kuɗi kuma a riƙe su a hannu tun daga Jalingo, kada a dogara da waya. Harshe ba matsala: Fulatancin da ake ciniki da shi a kasuwar shanun Mubi shi ake ji a can, ga Hausa.

Akwai ma zumunci a ciki. Mubi da Gembu duk suna cikin Kamarun Arewa da Ingila ta riƙe amana. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya shiga Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, hedkwatarsa a nan Mubi. Lardin ƙyalle biyu ne, kwarin Binuwai ya raba su, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Sunan yana nan a kan ƙaramar hukumar da hedkwatarta ke Gembu. Wato wanda ya tashi daga nan ya je can, tsohon gida ya leƙa.

Sauran abin da ke takardar kuwa, almakashi. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya, kuma tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ɗan jagora. Babbar riga ce mai zaman kanta. Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma, ba a gaishe shi ta tagar mota a ce an gan shi. Yola kuma tana nan tun da Modibbo Adama ya kafa ta a 1841, ba inda za ta. In kalmasa ta tsira, a kwana a Jimeta wajen dawowa, a ci kifin Binuwai, a ga fadar Lamiɗo.

Ƙanena ya ari alli a wurin tela ya soke layi uku. Da ya zo kan Chappal Waddi hannunsa ya tsaya.

"Yaya, wannan bari in bar shi tukuna."

Tela ya ɗago kai daga keke ya ce maɓallan ba su dace ba, mu dawo gobe.