Annobar Korona Da Kasuwar Al'adu A Ƙasar Katagum Da Jama'are

JAMA'ARE, Jihar Bauchi — A ƙasar Hausa hawan Sallah kasuwa ce babba. Dukawa masu ɗinkin sirdi, maƙeran likkafa da linzami, maɗinkan manyan riguna, makaɗa da maroƙa, duk a kansa suke ɗora lissafin shekara. Wannan lissafi ne annobar Korona ta rushe a 2020.

A watan Maris na shekarar aka tabbatar da ɓullar cutar a Jihar Bauchi, inda Gwamna Bala Mohammed da kansa ya kamu. A watan Mayu, bayan yawaitar mace-mace a Azare, gwamnati ta rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na tsawon kwana 10, daidai lokacin cinikin Sallar azumi. Jama'are ba ta cikin dokar, amma da yake Azare ce babbar kasuwar yankin, masu sana'arta sun ji a jikinsu. A Kano ma an soke hawan Sallah.

Hukumar Raya Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, a ƙarƙashin Otunba Olusegun Runsewe, ta zaɓi sauya salo maimakon rufe ƙofa. Ta koma nuna al'adun jihohi ta intanet, ta shirya wasanni a Abuja inda 'yan kallo ke zaune cikin motocinsu, ta kuma ƙarfafa ɗinka takunkumin fuska da yadin gida. A watan Nuwamba ta gudanar da bikin NAFEST a Jos bisa ƙa'idojin kiwon lafiya.

Ta fuskar kuɗi, Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 don rance ta hannun bankin NIRSAL, yayin da shirin tallafin Gwamnatin Tarayya ya tanadi naira 30,000 ga mai sana'ar hannu. Sai dai neman rancen da tallafin na bukatar asusun banki da lambar BVN, abin da ya zama shinge ga wanda cinikinsa hannu da hannu ne.

Sauya salon ya ceci shirye-shiryen hukuma, amma mai kallo ta waya ba ya sayen sirdi. A watan Disamba 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya, wanda hakan ya ƙara wa sana'o'in hawa daraja. Abin da ya rage ga 'yan kasuwar Azare da Jama'are shi ne haɗa masu sana'a cikin ƙungiyoyi masu rajista, da nemo musu masu saye a wajen lokacin Sallah.