In Sitiyari Ya Yi Nauyi, A Duba Kafin A Kama Hanyar Kara

'Yan'uwa fatake, da yawanmu yanzu da ƙananan jif irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V muke bin kasuwanni, daga Maraɗi zuwa Jibiya ko daga Ƙonni zuwa Illela. Kukan da ake yawan yi kuwa shi ne sitiyari ya yi tauri, sai an sa ƙarfi kamar ana jan bijimi.

To, a fara da taya. Mai rage iska don ya ratsa rairayi, in ya hau kwalta bai mayar ba, dole sitiyari ya yi nauyi, tayar kuma ta yi zafi har ta fashe. Awon iskar da ya dace yana manne jikin ƙofar direba.

Sai kuma a san irin motar. RAV4 ta farko, wadda ta fito a 1994, famfon mai ke taimaka wa sitiyarinta; in man ya yoye ko bel ya saki, za ka ji ƙugi in kana juyawa. Daga samfurin 2006 kuwa lantarki ne, ba mai ko ɗigo. Nan batir da caji za a duba, kada wani bakanike ya karɓi kuɗin man da babu wurin zuba shi.

Amma ni sauƙin sitiyari ya fi ba ni tsoro. In aka danƙara buhunan dusa da kanwa a baya, gaba na ɗagawa, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, a zo kwana da gudu motar ta zarce.