Sinimar Da Ta Koma Aljihu: Abin Da Wani Uba Ya Gani A Finafinan Da 'Ya'yanmu Ke Kallo

 

A ranar 27 ga Oktoba, 1999 aka yi taron ƙaddamar da Shari'a a Gusau, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta kuma fara aiki a watan Janairun 2000. Cikin wuraren da aka rufe a lokacin, tare da gidajen giya da na caca, har da gidajen sinima. Iyaye da yawa sun yi ajiyar zuciya, suna ganin an toshe wata babbar kafa. Yau sama da shekara ashirin ke nan, sinimar ta dawo, ba ta kuma nemi fili ko izinin kowa ba. Tana cikin aljihun saurayi a Mada, tana ƙarƙashin matashin kan budurwa a Tsafe, tana hannun yaran da suka haɗa kai a zaure a Bunguɗu suna kallon waya ɗaya su shida.

Hanyar shigowarta sananniya ce. Akwai tashoshin tauraron ɗan'adam, akwai YouTube ga mai kuɗin data, sannan akwai rumfar mai cajin waya, inda ake cika wa yaro memori da finafinai a kan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokansa ta Xender. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kira ya tsaya, intanet ta ɗauke, amma kallo bai tsaya ba, domin memori ba ya bukatar sabis.

Akwai dalilin da ya sa kallo ya fi kama yaran yankinmu. Rashin tsaro ya kashe dandali a ƙauyuka da yawa. Wasan dare a farin wata, da zaman tatsuniya a gaban kaka, duk sun ja baya, kowa yana kulle ƙofa da wuri. Uba ya wuni a gona ko kasuwa, ko yana kan hanyar Gusau zuwa Funtua da zuciya a hannu. Uwa tana fama da girki da sana'a da goyo. Dogon daren da ya rage tsakanin Isha'i da barci, waya ce ta gaje shi.

Wa zai tace?

Jihar Kano, cibiyar finafinan Hausa tun fitowar Turmin Danya a 1990, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Wannan ƙoƙari ne, sai dai ikonta bai wuce iyakar Kano ba, kuma ba ya kai wa ga fim ɗin da aka shirya a Indiya ko Turkiyya aka ɗora a intanet. Hisba ma ba za ta shiga ɗakin kwanan ɗanka ba. Mai tacewa na ƙarshe shi ne uba, ita ce uwa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗora wa magidanci da matar gida nauyin kiwon waɗanda ke ƙarƙashinsu, ya kuma tabbatar da cewa za a tambaye su. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanya ji da gani da zuciya cikin abubuwan tambaya.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Saboda haka, a tsakanin limanci da karantarwa da hidimar iyali, na keɓe wasu darare na duba abin da 'ya'yana da ɗalibaina suka fi ambata. Ga abin da na gani, kashi uku.

Finafinanmu na gida

Adalci ya wajaba, ko ga wanda ake saɓani da shi. A cikin shirye-shiryen Hausa akwai masu amfani. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 yana nuna rayuwar talaka yadda take: zaman haya, shaye-shayen matasa, halin almajirai, da mutanen da rikici ya raba da garuruwansu. Yaron da ya ga 'yan gudun hijira a makarantar unguwarsu zai gane fuskokin. Kwana Casa'in, da jiharsa ta ƙage mai suna Alfawa, yana buɗe wa matashi ido a kan yadda ake sayen ƙuri'a da yadda ake wawure dukiyar jama'a. Gidan Badamasi ban dariya ne, amma a ƙarƙashin dariyar akwai wa'azi mai zafi ga mai auri-saki da tara 'ya'yan da bai yi wa tarbiyya ba, har suka koma jiran gado tun yana raye. Izzar So kuwa ya gina jaruminsa a kan riƙon amana da gaskiya a wurin aiki, abin da muke ta kira gare shi a kan mumbari.

Abin da ya dame ni a yawancin masu dogon zango abu biyu ne. Na farko, yadda ake nuna dukiya. Gidaje kamar fadar sarki, motoci jere, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar yana kyautar miliyoyi, ba a taɓa nuna guminsa ba. Yarinyar da ta sha wannan shekara uku, in manomi ko malamin firamare ya zo neman aurenta, da wane ma'auni za ta auna shi? Na biyu, keɓewar saurayi da budurwa da doguwar hirar soyayya sun zama gishirin kowane labari, har ido ya saba, zuciya ta daina jin komai. Sabo da abu shi ne matakin farko na halatta shi a rai.

Fassarar Indiya da jarumi mai bindiga

Wannan kashi shi ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ne iyaye suka fi sakaci da shi, domin idonsu yana kan rawa da waƙa kawai. Hausawa sun daɗe da kallon finafinan Indiya, tun zamanin gidajen sinima. Bambancin yau shi ne ana fassara su da Hausa tsantsa, da karin magana da barkwancinmu, har yaro ɗan shekara bakwai yana haddace kalaman jarumi. Kuma waɗanda suka fi tashe yanzu na Kudancin Indiya ne, masu faɗa da zubar da jini.

Ɗauki KGF, wanda kashinsa na farko ya fito a 2018, na biyu a 2022. Yaro ne matalauci da uwarsa ta yi wa wasiyya a gadon mutuwa cewa kada ya mutu sai yana da dukiya. Ya girma ya zama makashi, ya ƙwace mahaƙar zinare da ƙarfin makami, dubban mutane suna yi masa kirari. Ko Pushpa na 2021: lebura ne da ya zama uban masu fasa-ƙwaurin katako mai tsada, yana wulaƙanta jami'an tsaro, mai kallo yana tafa masa. Gaskiya ne jarumin KGF ya nutse a teku da zinarensa a ƙarshe. Amma yaro ba ya riƙe minti biyar na ƙarshe. Abin da ke zauna masa shi ne sa'o'in da aka yi ana nuna mutum yana tafiya cikin isa, bindiga a kafaɗa, kowa yana rawar jiki.

Wanda ke kallon wannan a wata ƙasa mai zaman lafiya yana kallon almara ne. Mu a Zamfara fa? Muna da zinare a ƙasar Anka da Bukkuyum da Maru. Mun ga gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, mun ga Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda alaƙarta da rashin tsaro. Muna da matasan da suka bar garkensu da gonarsu suka shiga daji, suna nuna damman kuɗin fansa a TikTok. Yaranmu sun ji ƙarar harbi da kunnensu, wasu sun rasa iyaye. Ba fim ne ya haifar da wannan masifa ba; tushenta talauci ne da jahilci da zalunci da rikicin ƙasa da yawaitar makamai. Amma labarin da ke koya wa maraya cewa mutunci yana bakin bindiga, kuma ramuwar gayya ita ce jarumta, fetur ne a kusa da wuta. Mun ga yadda ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba ya mayar da rikicin ƙauye ɗaya ya zama na jiha. Addininmu ya ba wanda aka zalunta haƙƙin ƙisasi, amma ta hannun hukuma, kuma a kan mai laifin kaɗai. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci.

Finafinan tarihi da na addini

Iyaye da yawa suna sakin jiki da wannan kashi, kuma akwai alheri a ciki. Fim ɗin Umar Mukhtar na 1981, wanda Mustapha Akkad ya shirya, yana nuna dattijon malamin Alƙur'ani da ya yi shekara ashirin yana yaƙar mamayar Italiya a Libiya har aka rataye shi a 1931. A ciki an nuna shi yana hana mutanensa kashe fursunan yaƙi. Ga jarumi mai bindiga, amma mai iyaka. Da za a nuna wa yaro wannan bayan KGF, a tambaye shi bambancin mutanen biyu, da an yi darasin da ya fi huɗuba goma.

Shirin Ertugrul na Turkiyya, wanda aka haska daga 2014 zuwa 2019, yana girmama salla da shawara da alƙawari. Sai dai ɗalibi ya sani cewa abin da tarihi ya adana game da mahaifin Usman, wanda ya kafa Daular Usmaniyya ta Turkawa, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ke cikin shirin ƙirƙirar marubuta ce. Kada a ɗauke shi littafin tarihi. Sannan a yi lissafi: kashi 150 ne, kowanne kusan sa'a biyu, wato kusan sa'o'i 300. Mai karanta izu ɗaya a rabin sa'a zai sauke Alƙur'ani sau goma a wannan lokaci. Hadisin Ibnu Abbas a Bukhari ya ambaci lafiya da faraga a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka hasara a kansu.

Waɗanda kuwa ake sanya ɗan wasa ya fito a matsayin wani Annabi, kamar shirin Annabi Yusuf da aka yi a Iran aka kuma fassara da Hausa, manyan majalisun fatawa irin na Azhar da na Rabiɗa da ke Makka sun hana su. Hikimar a fili take: yaron da ya kalla, duk ranar da aka karanta surar, fuskar ɗan wasan ce za ta faɗo masa.

Abin da mai hidima zai iya

Na san amsar da magidanci zai bayar: ina na ga lokaci? Ba a ce ka kalli sa'o'i 300 ba. Hani kawai kuma ba ya wadatarwa. Yaron da aka ƙwace wa waya a gida zai kalla a ta abokinsa, sai dai yanzu ba zai faɗa maka ba. Labari a kan kansa ba abin ƙi ba ne, Alƙur'ani cike yake da ƙissoshi. Abin dubawa shi ne inda labarin ke jan zuciya.

Zama ɗaya a mako ya isa farawa. Ka ce su kawo abin da suke kallo, ku kalli kashi ɗaya tare, uwa ma tana wurin. In an gama ka yi tambaya uku: wa fim ɗin yake so mu ƙaunata? Ta wace hanya ya samu abin da ya samu? Da maƙwabcinmu ne, za mu so zama da shi? Za ka yi mamakin abin da zai fito daga bakin yaro, za ka kuma san ɗanka fiye da jiya. Abin da ya ji kunyar kunnawa a gabanka, ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Bayan wannan, a sa iyakoki kaɗan waɗanda za a iya tsarewa: kallo a tsakar gida ko falo, ba cikin bargo ba, a tsayar da shi in an kira salla, wayoyi su kwana a ɗakin iyaye, a san wanda ke cika memorin da abin da yake zubawa. Uba kuma ya fara da kansa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada a bar gurbin fanko: a ba su labarin Badar da Uhudu, da na malaman 'Yandoto da ke nan ƙasar Tsafe, da na Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u. Muna da jarumai, masu ba da labarinsu ne suka yi ƙaranci.

Ku kuma ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran manyan makarantunmu, ƙannenku ku suke kwaikwayo, kuma daga wayoyinku finafinan ke sauka zuwa nasu. Kafin ka tura, ka tuna kana da kaso a ladan abin ko zunubinsa. Mai baiwar rubutu a cikinku ya rubuta mana labarin manomin da ya ƙi zama ɗan leƙen asirin 'yan bindiga duk da yunwa, da na matar da ta riƙe marayu biyar da sana'ar ƙuli-ƙuli. Irin waɗannan suna nan a kowace unguwa, ba a dai haska su ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare idanunsu da zukatansu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Amin.