SHARI'A IN TA ƘARE, TA ƘARE

Da yawa cikin fatake da 'yan kasuwa suna tsammanin wanda aka kayar a shari'a yana iya ta da ita duk ran da ya sami sabon mashaidi. Lalle ba haka ba ne, ko a fiƙihu ko a dokar ƙasa.

Malaman Malikiyya sun tabbatar hukuncin alƙali yana yanke saɓani, ijtihadi kuwa ba ya warware ijtihadi. Sayyidina Umar ya taɓa hana shaƙiƙai gado tare da li'ummai. Da irin mas'alar ta sake zuwa sai ya haɗa su cikin sulusi, amma bai koma ya rushe hukuncin farko ba. Alƙarafi ya ƙidaya abu 4 da ake warware hukunci dominsu, watau saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a.

A cikin Tuhfa ta Ibnu Asim, alƙali yakan tambayi mutum ko da sauran hujja, ya yanka masa ajali. In ajali ya cika bai kawo kome ba, aka rubuta gazawarsa, ba a sauraron shaidunsa kuma, sai a abu 5: wakafi, saki, nasaba, jini da 'yanta bawa. Bashi da ciniki ba su ciki.

Haka dokar Nijeriya take. Tun 1963 aka daina kai ƙara Ingila. Sashe na 235 na tsarin mulkin 1999 ya hana ɗaukaka ƙara daga Kotun Ƙoli. Tana iya gyara tuntuɓen alƙalami, ko ta soke hukuncin da aka samu ta hanyar zamba, amma ba ta sake zama domin wani bai gamsu ba. A 2019 ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara, a 2020 aka roƙe ta ta sake dubawa, ta ƙi.

Hikimar a fili take. Da ƙofar a buɗe take, da mai dukiya ya yi ta jan talaka har jarinsa ya ƙare, ba kuwa wanda zai sayi gida ko gona da kwanciyar rai.

Saboda haka mai ba da bashi ya rubuta, ya kafa shaidu, ya kawo su kafin ajali ya cika. Wanda kuwa ya ci shari'a da ƙarya ya sani hukuncin alƙali ba ya halatta haram, akwai wani zama a Lahira. Allah Ya sa a dace, amin.