Igiyar Maikirowef da Iyakar Gudun Haske

Haske yana cin tazarar kilomita 299,792 a cikin sakan ɗaya a sararin da babu komai. Tun bayan da Albert Einstein ya fito da nazarinsa a kan dangantakar lokaci da wuri a shekarar 1905, masana kimiyya suka ɗauki wannan gudu a matsayin iyakar da babu saƙon da zai iya tsallake ta. Dalilinsu mai nauyi ne. Lissafi ya nuna cewa da saƙo zai wuce haske gudu, to da akwai mai kallon da zai ga saƙon ya isa tun kafin a aika shi, watau sakamako ya riga sanadinsa faruwa.

A shekarar 1992, Günter Nimtz da Achim Enders na Jami'ar Kolon a ƙasar Jamus suka ba da rahoton wani gwaji da ya yi kama da ya karya wannan doka. Sun yi amfani da igiyar maikirowef, wadda dangin haske ce, kuma gudunsu ɗaya, sai dai ido ba ya ganin ta. Da ita na'urar rada da wayar salula suke aiki. Masanan sun tura igiyar ta cikin bututun ƙarfe wanda aka matse tsakiyarsa har ya yi mata kaɗan. Mafi yawan igiyar takan daki wannan matsatsi ta koma baya, amma wani ɗan ƙaramin kaso yakan ratsa ya fito ta ɗaya gefen a raunane. Da suka auna lokacin ratsawar, sai suka tarar bai kai wanda haske zai ɗauka ya ci wannan tazara ba. Tun a 1962 wani masani mai suna Thomas Hartman ya riga ya nuna a lissafi cewa idan shinge ya yi kauri, ƙara masa kauri ba ya ƙara lokacin ratsa shi.

A 1994 Nimtz da Horst Aichmann suka ɗora kiɗan Mozart mai lamba 40 a kan igiyar, suka ratsa da shi ta shinge mai tsawon santimita 11.4. Nimtz ya ce kiɗan ya ninka haske gudu sau 4.7. A shekarar 2000 kuma, Mugnai da Ranfagni da Ruggeri a birnin Filorens na Italiya suka auna gudun da ya ɗara na haske kaɗan a cikin iska, a gajeriyar tazara.

Yawancin masana sun yarda da awon. Fassararsa ce suka yi jayayya a kai. Igiyar da ake turawa a irin wannan gwaji dunƙule ce mai goshi da tozo da wutsiya: takan fara a hankali, ta yi ƙarfi a tsakiya, sannan ta lafa. Abin da agogon masu gwaji yake bi shi ne tozon. Misalinsa kamar ayarin raƙuma ɗari ne da ya iso ƙofar gari, aka bar goma na gaba suka shiga, aka mayar da sauran. Kafin ƙofa, tsakiyar ayarin tana wajen raƙumi na hamsin. Bayan ƙofa ta koma wajen na biyar. Wanda yake lura da tsakiyar kawai zai ce ta yi tsalle gaba, alhali babu raƙumin da ya ƙara sauri, kuma babu wanda ya sha gaban jagaba. Haka tozon da ya fito daga shingen ba lallai ne ya zama wanda ya shiga ba. Siffar dunƙulen ce ta sāke.

Arnold Sommerfeld da Léon Brillouin sun warware asalin wannan matsala tun 1914. Sun nuna cewa gudun igiya iri-iri ne. Gudun tozo yana iya wuce na haske, amma gudun goshi, watau farkon abin da ya taso bayan shiru, ba ya wuce shi ko kaɗan. Sabon labari kuwa, wanda mai karɓa ba zai iya hasashensa daga abin da ya riga ya iso ba, da goshin yake tafiya.

Kiɗan Mozart ma ya shiga wannan bayani. Haske yakan ci santimita 11.4 a ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, don haka ratar da aka samu ba ta kai wannan ba. Sautin kiɗa mafi tsini da kunnen mutum yake ji yakan kaɗa kimanin sau 20,000 a sakan. A cikin wannan 'yar rata, kiɗan bai sauya yadda za a ce wani sabon abu ya iso da wuri ba.

Nimtz ya tsaya a kan bakansa cewa saƙo na gaskiya ne ya wuce haske. Mafi yawan masana ba su bi shi ba, kuma har yau babu gwajin da aka amince ya isar da sabon labari kafin haske. Abin da gwaje-gwajen suka tilasta wa masana shi ne su fayyace, duk lokacin da suka ambaci gudun igiya, wane ɓangarenta suka auna.