Kwamfutar Wani Kamfani Da Allon Wani: Shin Za Su Zauna Lafiya?

Kwanakin baya na shiga wani ofishi domin neman wata takarda, sai na tarar da akawun yana ta fama da kwamfutarsa, ransa a ɓace. An sayo masa sabon allo mai faɗi, irin wanda ya zama ruwan dare a ofisoshi yanzu, aka haɗa da tsohuwar kwamfutar da ke kan teburinsa. Da aka kunna sai kome ya fito a baje. Hatimin ofis, wanda kowa ya san shi zagayayye ne, ya koma kamar ƙwai, hoton fasfo na ma'aikata kuwa kowa ya yi kumatu. Wanda ya zo haɗawa ya duba sunan da ke goshin allon, ya duba wanda ke jikin kwamfutar, ya ga ba ɗaya ba ne, sai ya yanke hukunci cewa ba za su taɓa shiri ba, sai dai a rubuta takardar neman wata sabuwar kwamfuta. Da ma'aji ya sa hannu, da kuɗin jama'a sun tafi a kan abin da bai wuce gyaran minti biyar ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa sunan da ke goshin allo ba shi ke hana shi aiki ba. Allon Dell yana aiki da kwamfutar HP, na Samsung yana aiki da Lenovo, na LG kuma yana aiki da kwamfutar Apple, domin tun da daɗewa kamfanonin suka yarda su bi ƙa'idoji iri ɗaya wajen aika hoto ta waya. Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin kafar da ake cusa wayar, da yawan ɗigon da kwamfutar za ta iya aikawa, da kuma 'yar gaisuwar da na'urorin biyu ke yi da zarar an haɗa su.

Mu fara da kafa. A shekarar 1987 kamfanin IBM ya fito da kafar nan mai haƙora 15 da ake kira VGA, wadda yawanci akan yi mata shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa. Sauran kamfanoni suka kwaikwaya, har ta zama ta kowa da kowa. A 1999 aka kawo DVI, mai farin kai, wadda ke aika hoto da lambobi maimakon hawa da saukar ƙarfin lantarki irin na VGA. A ƙarshen 2002 kamfanonin telebijin, cikinsu har da Sony da Philips da Toshiba da Hitachi, suka haɗu suka fito da HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya. Ƙungiyar VESA, watau majalisar masu ƙera kwamfuta da alluna, ta biyo baya da DisplayPort a 2006, sa'an nan a 2014 ƙaramar kafar nan ta USB-C ta bayyana. Saboda haka mutumin da ya sayi kwamfutar gwanjo ya haɗa ta da sabon allo, yana iya kasancewa yana ƙoƙarin haɗa na'urori biyu da shekara goma ko fiye ta raba tsakaninsu. A Disamba 2010 ma Intel da AMD suka ba da sanarwar za su daina tallafa wa VGA kafin ƙarshen 2015, abin da ya sa kwamfutocin tafi-da-gidanka na bayan nan suka zo babu ita.

A nan ne 'yan kasuwa ke miƙo wa mutum adafta, a nan ne kuma 'yan makaranta suka fi asarar ɗan kuɗinsu. Tsakanin DVI da HDMI babu wata wahala, gama harshensu na hoto ɗaya ne, waya mai kai biyu ta isa. Amma tsakanin HDMI da VGA sai an sami 'yar na'ura mai juya lambobi su koma igiyar lantarki, ita kuwa hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi domin kwamfuta mai HDMI da allo mai VGA ba za ta yi aiki ba idan kwamfutar ce mai VGA, allon kuma mai HDMI. Haka nan wayar DisplayPort zuwa HDMI, daga kwamfuta mai DisplayPort take kai hoto, ba ta komowa da shi ta baya. Ita kuwa USB-C ta fi su yaudara, domin ba kowace kafa mai wannan siffa ke fitar da hoto ba. Akwai wadda caji da kwafar takardu kawai take yi, kuma ido ba ya iya rarrabe su sai an duba littafin na'urar ko 'yar alamar da ke gefen kafar.

To, an sami waya, hoto ya fito, me ya sa hatimin akawunmu ya zama ƙwai? Tsofaffin alluna an yi su ne bisa awon huɗu a faɗi, uku a tsayi, irin na telebijin ɗin dā. Masu faɗi kuwa ko dai 16 bisa 10 ne, ko kuma 16 bisa 9, wanda ya mamaye kasuwa daga wajen 2008 saboda shi ne awon telebijin na zamani, masana'antu kuma sun ga ya fi musu araha su yanka gilashi iri ɗaya. Allon zamani yana da ƙayyadadden yawan ɗigo da aka ƙera shi da su, alal misali 1920 a kwance da 1080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600. Idan kwamfuta ta aiko masa da hoto mai ɗigo 1024 da 768, wanda aka tsara domin allo mai awon 4 bisa 3, sai allon ya ja shi ya cika gefe da gefe. Ta haka kowane abu yakan ƙara faɗi da sulusi. Rubutu kuma ya yi dishi-dishi, domin ɗigo ɗaya na hoton ba ya faɗawa daidai kan ɗigo ɗaya na gilashin. Ma'aikacin da ya wuni yana kallon irin wannan rubutu, da la'asar zai tashi da ciwon kai, ya ɗora wa allon laifi.

A bisa ƙa'ida bai kamata hakan ta faru ba, domin akwai gaisuwar da muka ambata. Tun 1994 VESA ta tsara cewa kowane allo zai riƙe wani ɗan taƙaitaccen bayani a cikinsa, wanda ake kira EDID, kamar dai katin shaida. A ciki akwai sunan kamfanin da ya yi shi, da girmansa, da yawan ɗigon da ya fi so. Da an cusa waya sai kwamfuta ta tambaya, allo ya karanto mata, ita kuma ta daidaita kanta. Ba ta damu da ko ɗan gidansu ne ba. Sai dai wannan gaisuwa tana da hanyoyin lalacewa da yawa. A wayar VGA haƙori na 12 da na 15 ke ɗaukar ta, kuma akwai wayoyi masu araha da ba a haɗa waɗannan biyu ba sam, ko kuwa ɗaya ya lanƙwashe wajen cusawa da ƙarfi. Wani lokaci adafta ce ko akwatin raba hoto ke tsayawa a tsakani ta ba da nata bayanin maimakon na allon. Idan kwamfuta ba ta ji amsa ba, sai ta koma kan ƙaramin awon da ta tabbata kowane allo zai karɓa.

Hanya ta biyu ita ce rashin direba, watau manhajar da ke koya wa Windows yadda zai sarrafa sashen hoto na kwamfutar. Masu gyara sukan sake zuba Windows cikin gaggawa su miƙa wa mai ita, ba su saka wannan manhaja ba, sai jerin awon da za a zaɓa ya zo gajere, babu mai faɗi a ciki. Abin da ya sami akawun nan ke nan. Da aka saka direban da ya dace, aka shiga saitin allo aka zaɓi 1920 da 1080, hatimi ya koma zagayayye nan take. Amma ba kullum ake dacewa haka ba. Wasu kwamfutoci na tsakiyar shekarun 2000 masu sashen hoto na Intel 915 sun zo da jerin awo wanda babu masu faɗi a ciki, har masu amfani da Linux suka rubuta wata 'yar manhaja mai suna 915resolution domin cusa su da hannu. Kowace kafa kuma tana da iyakarta. DVI mai layi ɗaya ba ta wuce 1920 da 1200, HDMI ta 1.4 ta shekarar 2009 kuwa tana kai hoto mai ɗigo 3840 da 2160, amma sau 30 kawai take sabunta shi a sakan, sai ta 2.0 ta 2013 ta kai sau 60. Wanda ya haɗa irin wannan babban allo da tsohuwar kafa zai ga kibiyar linzami tana tafiya tana tsalle-tsalle.

Kada kuma a ce wanda ya zo haɗa wa akawun nan ba shi da hujja ko kaɗan, domin akwai kamfanin da ya daɗe yana bin tasa hanyar, shi ne Apple. A shekarar 2000 ya fito da wata kafa tasa ta kansa mai suna ADC, wadda ke ɗaukar hoto da wutar lantarki da USB duk a waya ɗaya. Abin ya yi kyau a kan tebur, amma allon ba shi da wayar wuta tasa, daga cikin kwamfutar Apple yake shan lantarki. Wanda ke son haɗa shi da wata kwamfuta sai ya sayi wani akwati dabam mai tsada. A 2004 kamfanin ya watsar da ADC ya koma DVI, ko da yake babban allonsa mai inci 30 na wannan shekara, mai ɗigo 2560 da 1600, sai da DVI mai layi biyu yake nuna cikakken hotonsa. A 2011 kuma aka sake komawa gidan jiya da allon Thunderbolt mai inci 27. Kan wayarsa daidai yake da na Mini DisplayPort, yana shiga kafar lafiya lau, amma allon ba ya kawo haske sai kwamfutar tana da Thunderbolt, har tsofaffin kwamfutocin Apple ɗin kansu bai yarda da su ba. Irin wannan allo yana da kyan gani, kuma ana samunsa a kasuwar gwanjo da sauƙin kuɗi, saboda haka a yi hattara. Shi ma Studio Display na 2022 yana nuna hoto da kwamfutar Windows mai kafar da ta dace, amma ba shi da maɓalli ko ɗaya a jikinsa, kuma wasu ayyukan kyamararsa da sabunta manhajarsa sai da kwamfutar Apple.

Idan aka juya, watau kwamfutar Apple da allon wani kamfani, abin ya fi sauƙi, sai 'yan ƙananan abubuwa. Maɓallan ƙara haske da ke kan kibod yawanci ba sa taɓa baƙon allo, sai a yi amfani da na jikinsa. Daga 2018, sa'ad da aka fito da macOS Mojave, Apple ya daina wata dabarar gyara gefen haruffa, don haka rubutu yakan fito da ɗan kaushi a allon da ɗigonsa ba su da yawa. MacBook Air mai M1 na 2020 kuwa allo ɗaya tak yake ɗauka a waje, kome yawan kafofin adaftar da aka saya masa ta yau da kullum.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta HDMI da ta gado daga telebijin. Wani lokaci kwamfuta takan ɗauka telebijin aka haɗa mata, sai ta rage zurfin launi, baƙi ya koma toka-toka, ko kuma gefen hoton ya yanke har layin ƙasa ya ɓuya. Ana gyara wannan a saitin sashen hoto, ko a cikin jerin zaɓin allon kansa, inda akan sami wurin gaya masa cewa kwamfuta ce ke magana da shi.

Ga mai shirin saye, ko jami'in da ke rubuta takardar odar kaya, akwai wani lissafi da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Incin allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Tsohon allo mai inci 19 da ɗigo 1280 da 1024 tsayinsa ya kusa inci 12, amma mai faɗi mai inci 19 da ɗigo 1440 da 900 tsayinsa inci 10 ne da ɗan kaɗan, fili da yawan ɗigonsa duka sun gaza na tsohon. Wanda aikinsa wasiƙu ne da rahoto, ya sauya wancan da wannan, ya rage wa kansa layukan da yake gani ne, ko da ya ga kamar ya ci gaba. Faɗi yana amfani ne idan allon ya kai girman da za a jera shafi biyu gefe da gefe, ko ga ma'aikacin lissafi mai jadawali mai ginshiƙai da yawa. A ganina, ga aikin ofis, mai inci 24 da awon 16 bisa 10 ya fi dacewa, domin tsayinsa ya kai inci 12.7, takardar A4 kuwa inci 11.7 ce, tana shiga ɗungum da sauran wuri.

Kafin a biya kuɗi, a leƙa bayan kwamfutar a rubuta sunan kafofin da ke nan, a nemi sanin iyakar ɗigon da sashen hotonta ke fitarwa, sa'an nan a je kasuwa. In kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce, a ɗauke ta a tafi da ita, a haɗa a gaban mai kanti da wayar da za a saya, a buɗe hoton wani abu zagayayye a duba.