HANYAR GWANJA: YADDA FATAKE SUKA RIƘA KETA DAJI DA DUWATSU A ƘAFA

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar har Gagarawa da Maigatari, ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, wadda ba ta da wani dutse da zai tare wa mutum gani. Amma kayan da aka riƙa ɗaurawa a wannan ƙasa a zamanin da, sun hau duwatsu, sun keta dazuzzuka, har suka isa Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda ke arewacin Ghana a yau, wato tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Kano, kuma galibinta a ƙafa.

Hanyar daɗaɗɗiya ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Gumel cikin watan Maris na 1851, ya tarar garin babbar kasuwa ce ta kanwa, wadda ake kawowa daga wajen Manga da Barno. Wannan kanwa tana cikin manyan kayan da fatake ke tafiya da su yamma, tare da tufafin Kano, da jima, da dabbobi, su komo da goro, wanda ake samowa daga kurmin Asante.

Ba a yin wannan tafiya sai cikin ayari. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan abin da za a biya, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba don duba hanya da neman wurin sauka, uban dawaki kuwa yana taya madugu tara kuɗin da za a bayar. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. A shekarar 1826 Kyaftin Hugh Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, dabbobin kaya ma kamar haka.

Akan tashi bayan kaka, sa'ad da rafuka suka janye. Da asuba ake ɗaura wa jakuna kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a yada zango. In an ƙetare Kwara aka biya fito, sai a shiga dajin Bargu, inda 'yan fashi ke dakon duk wanda ya ware daga ayari. Daga nan sai Zugu, wato Djougou ta Jamhuriyar Benin, babban zangon fatake.

Bayan Zugu ne wahalar duwatsu take farawa, domin jerin duwatsun Atakora ya gitta daga arewacin Benin ya ratsa ƙasar Togo. Tsayinsu bai kai mita 1,000 ba, amma ga jakin da ya taso cikin rairayi, tsakuwa da gangare azaba ce. A mashigin dutse tilas ayari ya miƙe ɗaya bayan ɗaya, na gaba ba ya ganin na baya, ga shi masu ƙasa sun san kowane lungu. Shi ya sa ayarin da ya bi ta ƙasar Kotokoli, wajen Bafilo da Alejo, ba shi da mafita sai ya biya sarakunan wurin. Waɗansu madugai kuwa sukan zaɓi hanyar arewa, ta Sansanin Mango da Yandi.

Dawowa ta fi tafiya wuya, saboda goro ba ya jure zafi da bushewa. Sai an naɗe shi cikin ganye, ana kwancewa a kai a kai, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwari suka taɓa, don kada ya ɓata sauran. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Bai kamata kuma a ɓoye cewa Salaga kasuwar bayi ce ba, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka ba da son ransu suka yi wannan tafiya ba.

Abubuwa uku ne suka kashe hanyar. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya daina isa can kamar da. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, fatake suka koma Kete-Krachi da waɗansu kasuwanni. Sa'an nan a 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, goro ya riƙa zuwa Ikko ta teku, daga can a ɗoro shi a jirgi, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Amma sawun fatake bai goge ba. Unguwannin Zango da ke biranen Ghana da Togo da Benin daga masaukinsu suka samo suna, kuma har yau ana jin Hausa a cikinsu. Malamai ma sun bi ayari, kamar Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Kasuwar Maigatari da ke ci ran Alhamis ita ma gadon wannan ciniki ce tsakanin arewa da kudu.

Abin takaici shi ne, yawancin abin da aka rubuta a kan wannan hanya baƙi ne suka rubuta shi, kamar Paul Lovejoy da littafinsa na 1980 a kan fataken goro. Waɗanda suka taka hanyar duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu da suka ji labari daga bakinsu su ma suna ƙarewa. Ya kamata Majalisar Masarautar Gumel da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Jigawa su sa ɗalibai su bi gari gari lokacin hutu, su rubuta sunayen madugai da zanguna da rijiyoyin da ayari ya sha, tun ana samun mai faɗa.